Motar Surukina

Aikin nan ya ba ni wuya. Na sauke injin a-kori-kura da igiya a ƙarƙashin bishiya, na yi ringi da azumi a bakina rana tsaka, duk ba su kai gyaran motar surukina ba. Kuma abin da ya lalace ɗin bai kai tsawon ɗan yatsa ba.

Ni bakanike ne a Karaye, garejina na bakin hanya. Boko ban yi nisa ba. A zamanin kafireta na koyi aiki, da kunne nake gyara da hanci: in tara hannu a bakin salansa in shinshina, in gaya maka ciwon motarka. Da motocin nan masu ƙwaƙwalwa suka shigo, sai na koma lallaɓawa.

Surukina, mahaifin matata, manomi ne a wani ƙauye cikin ƙasar Rogo, shi ne kuma mai unguwarsu. Da tsufa ya zo, 'ya'yansa maza suka saya masa 'yar ƙaramar mota ta zuwa kasuwar Karaye. Shi yake tuƙa abarsa, a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Da motar ta fara damunsa, matata ce ta ce a gidansu, ga bakanike a hannu, wa za a kai wa? Ka ga bakinta ya shiga ciki.

Tun da na auri 'yarsa ban taɓa haɗa ido da shi ba. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ruwa ma ban sha ba. Gaisuwa ce kawai, in tuɓe takalmi in durƙusa, in mun gama in tashi. Shi ma bai taɓa kama sunana ba. Haka muka taso muka gani, haka kowa yake yi.

Ranar da ya kawo motar, na durƙusa muka gaisa, ina gajiya, ya mutan gida, ya aka ji da kaka. Sai ya kalli can gefe ya ce, "Malam, 'yar motar nan ce take ɗan shan mai." Ya ajiye makulli a kan bonet ya shige kasuwa.

Da wani ne, da sai na tsare shi da tambaya. Yaushe take yi? Da sanyin inji ko in ta ɗau zafi? A kan kwalta ko a burji? Wa ya taɓa ta? A ina take kwana? Rabin gyara a bakin mai mota yake. Amma ni in tsare surukina kamar ɗan sanda? "To, Baba" kawai na ce.

Na duba. Wata wuta ruwan ɗorawa na kunne a gaban sitiyari, fulogi sun yi baƙi ƙirin, salansa na warin ɗanyen fetur. Na kai ta wurin wani ɗan rewaya mai gyaran wutar mota, sa'ana, mai na'urar da ake jona wa mota ta faɗi ciwonta. Ya ce wajen sensan salansa ta nuna. Sensan nan wani ɗan ƙarfe ne da ake murɗawa a jikin salansa, yana shinshina hayaƙi yana aika wa ƙwaƙwalwar motar labari ta waya, mai ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Hancina ne dai suka ƙera suka ɗaura wa mota. In labarinsa bai isa daidai ba, sai ƙwaƙwalwa ta yi ta kwarara fetur a makance.

Ɗan rewayan ya ce, "Na'ura ba ta ce ya mutu ba fa. Layinsa ta nuna. Bi wayar tukuna."

Na ce, "Motar surukina ce. Faci zan yi masa da salatif kamar ɗan achaba?"

A ganina girmamawa ke nan, a saya masa sabo. Na aika Kano aka kawo, na ɗaura, na wanke fulogi, aka kashe wutar. Na hau kwalta na taka ta, mota ta yi luf. Da ya zo ɗauka na ce, "An gyara, Baba." Ya ce, "Madalla, Allah ya yi albarka." Ba a jima ba ya aiko mana da buhun gyaɗa. Na ci gyaɗar nan ina jin kaina.

Kasuwa ta ci ta sake ci ban ga motar ba. Na ce ko aikin gona ne ya riƙe shi.

Akwai mai faci kusa da ni, taubashina ne, ba ya raga mini. Wata ranar kasuwa yana buga iska ya ce, "Injiniya, ashe ka iya aiki. Ka gyara mota har ta samu hutu."

Na ce, "Wace mota?"

"Ta dattijo mana. Ɗazu na gan shi a bayan achaba, ya tattare babbar riga a cinya. Can wurin injin niƙa ya sauka, ya bi ta bayan shaguna."

"Ƙarya kake."

"Wancan satin ma ta nan ya bi. Kai kaɗai ne ba ka gani, don kai ake ɓoye wa."

Ya so ya yi dariya, da ya kalli fuskata sai ya koma kan tayarsa.

Ban iya ƙarasa aikin ranar ba. Dattijo mai ciwon gwiwa, mai unguwa guda, yana zagaye ta lungu kamar mara gaskiya, don kada in gan shi a ƙasa in ji kunya. Da ya zo ya zage ni a gaban mutane, da ya fi mini sauƙi.

Bayan la'asar na koma gida na tambayi matata. Tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba.

Ta ce, "Baba ya ce kada a gaya maka."

Ashe tun ranar da ya ɗauki motar, yana sauka daga kwalta ya shiga burjin ƙauyensu, wutar ta dawo. Mota ta kama fizga tana baƙin hayaƙi, da ƙyar ta kai shi gida. Yayyen matata sun ce a kai motar Kano, shi ya hana, don dole ta gaban garejina za ta wuce, gari ya gani. Yanzu sun gaji, sun ce kasuwa mai zuwa za su ɗauke ta ko da izininsa ko babu. Babban ma har ya ce mata mijinta ya koma gyaran keke.

Na ce, "Shi ne kika yi shiru?"

Ta ce, "Kai da ka tsaya a gabansa me ka ce?"

 Sai na yi mata tambayoyin da ya kamata in yi masa. Na ce a ina motar take kwana.

"A rumfar da ake jibge buhunan gyaɗa. Har kujerar baya ɓeraye sun fara ci."

Na yi zaune. Ɓeraye, ga kuma mota mai lafiya a kwalta, sai ta ji gargada ta birkice. Na sha ganin wannan a motocin mutanen da ban haɗa komai da su ba.

Washegari bayan asuba na ɗaura waya da salatif da guntun tiyo a bayan babur, na haɗa da tarkon ɓera, na kama hanyar Rogo. Na same shi a ƙofar gida kan tabarma. Na tuɓe takalmi na durƙusa, muka gaisa har gaisuwa ta ƙare. Nan ne wurin da nake tashi. Ban tashi ba.

Idona a ƙasa na ce, "Baba, a gafarce ni, tambaya nake da ita. A daidai ina take fara yi muku?"

 Sai ya juya fuska wajen katanga ya ce, "Daga kwalbatin nan, in an wuce gonar rogo." Ya ci gaba yana ba katanga labari, yadda take fizga, yadda take lafawa a wurin da hanya ta daidaita. Ban taɓa jin maganarsa mai tsawo haka ba.

Na shimfiɗa tsohon buhu na shige ƙarƙashin motar. Daga sabon sensan da na ɗaura na kama wayar ina bi da yatsa. A bayan inji, inda ido ba ya kaiwa, na ji ta: an gwaguye robar, jan ƙarfen a waje, da an girgiza sai ya taɓa jikin mota. Ɓawon gyaɗa ya zubo mini a fuska. Na yanke, na haɗa, na naɗe, na zura ta cikin tiyo na ɗaure. Na cire kan batir na mayar, wutar gaban sitiyari ta mutu, sannan na ɗana tarkon a bayan buhuna.

Da na fito na sake durƙusawa na ce, "Baba, sai an gwada ta a hanyar nan. Kuma sai kuna ciki, ku nuna mini wurin."

Ya miƙe da ƙyar, ya zagaya ya shiga kujerar baya, wadda ɓeraye suka ci. Na ja muka nufi kwalbatin, ni idona a kan wurin wutar, shi nasa a kan gonaki.