Laujunan Wutar Kwal

Mu maƙeran Haɗeja da gawayin ƙirya muka tashi. Ina yaro daga bayan gari ake kawo shi a kan jaki. Da itatuwan suka ƙare sai daga wajen Kafin Hausa, yanzu kuwa sai manyan motoci daga Kudu. Idan damina ta karya hanya, wutar maƙera ta mutu ke nan.

A irin wannan shekarar taubashina ya zo daga Miga. Shinkafarsa ta fadama ta nuna, kogi yana ta hauhawa, yana son laujuna kafin ruwa ya shiga gonar.

"Ɗan wuta, ina gawayin?" in ji shi. "Ko ka dafa shayi da shi?"

Na ce, "Jeka ka yanka da haƙoranka, ai ba su da aiki sai cin tuwona."

Akwai wani buhun baƙin dutse da wani direba ya bar mini, kwal, wanda ake haƙowa daga ƙasa. Malaminmu na ajin yaƙi da jahilci ya taɓa cewa ƙasarmu tana da shi jibge a ƙarƙashinta. Na ce to, wuta ai wuta ce.

Na zuba shi yadda nake zuba ƙirya, ƙanena ya kama zuga-zugi, wutar na kamawa na cusa ƙarfe. Hayaƙi rawaya ya tashi, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ba wanda ya gaya mini sai an bar shi ya ƙone ƙazantarsa tukuna, kuma zafinsa ya fi na ƙirya. Laujunan suka fito da kyau a ido, taubashina ya kwashe ya tafi.

Sai ga shi ya dawo da wando jiƙe har gwiwa, ya zube su gabana a kakkarye. Wutar ta cinye ƙarfen. Ko wasa bai yi mini ba.

Na shiga gida na roƙi uwargida tsohon turminta, don da ƙirya aka sassaƙa shi. Na faskara shi, na sa masa wuta, na rufe shi a rami ya zama gawayi, na sake ƙira. Gawayi kuwa ba ya sauri.

Da na kai laujunan Miga, na same shi tsaye cikin ruwa har ƙugu, yana yankar zangarniya da wuƙar girki. Gangaren gonar duk ya nutse. Ya karɓi ɗaya, ya miƙo mini ɗaya, muka nufi tudun da ya rage.