Takalmin Yaya a Layi

A zamanin da anka yanke mu daga Sakkwato, anka ce mu ma mun zama jiha, Birnin Kebbi ta cika da mutane masu sababbin riguna da sababbin muƙamai, kowa na neman abin da zai yi a san ya iso. Wasu sunka dasa itatuwa bakin titi, awaki sunka gode masu. Wasu kuwa sunka zauna sunka ce a tara masu wasa na ƙasar duka, wuri ɗaya, rana ɗaya: masu dara, masu darafti, masu ludo, da wani sabon abu da 'yan kasuwar kudu sunka kawo, talabijin da ake latsa wa maɓalli wani ɗan mutum ya riƙa tsalle a ciki. Rediyo ta yi ta shela har mu da ba mu fita munka haddace.

Ni ban taɓa riƙe ɗan dara ba, wasan maza ne. Amma Yayana, wanda nake bi, a Argungu ba a zama gabansa a tashi da dariya. In ya tona gurabe a ƙasa ya zube tsakuwarsa, manyan mutane kan tuna suna da aiki a gida. Mutum ɗaya ake haɗa shi da shi, wani manomin albasa a Augie, wanda shi da kara yake wasa maimakon tsakuwa. Shekara da shekaru 'yan cin kasuwa na kai masu maganar juna, ana ƙara mata gishiri a hanya, amma ba su taɓa zama wuri ɗaya ba. Yaya ba ya zuwa Augie, don wanda ya je garin wani shi ne ƙarami. Na Augie ma haka ya ɗauka. Da anka ce Birnin Kebbi, garin da ba na kowa ba a cikinsu, sai Yaya ya sa anka wanke mashi babbar riga.

Akwai abin da mutanen Augie ba su sani ba. Yanar ido ta fara rufe wa Yaya gani. In rana ta take, yana ganin gurbi da tsakuwa sarai. In ta yi sanyi, duniya ta koma mashi kamar ɗakin da anka hura ɗanyen itace. Shi ya sani, ni na sani, cewa in bai zauna da na Augie a wannan karon ba, kuma da rana tsaka, to ba sauran zama.

Ya ce mani, "Auta, ke za ki raka ni. In namiji ya riƙe mani hannu, labari ya kai Augie kafin mu kai tasha. Ki yafa jan mayafinki ki shiga gaba, ni ina bin jan."

Haka munka yi. Ina gaba, yana baya yana amsa gaisuwa kamar mai ganin kowa.

Da hantsi munka isa babban ɗakin taron. Na ga ƙofofi a jikinsa ta kowane gefe, manya, masu sabon fenti, duk a garƙame. Ɗaya tak anka ce za a buɗe, ita ma ba a buɗe ba. Daga bakinta layi ya miƙe har ya karya kwana bayan wani gareji. A cikinsa akwai dattawan dara da 'yan jakunkunansu, da malaman makaranta masu darafti, da samari da yara kamar fari, waɗanda ba abin da ya kawo su sai su ga ɗan mutumin da ke tsalle cikin talabijin. Mai wasa da mai kallo, duk an cusa su hanya ɗaya kamar tumaki ranar allura.

'Yan kwamiti na ta kai da kawo, kowa da ɗan ƙyalle maƙale a ƙirji, kowa na nuna wa ɗan'uwansa inda zai tsaya. Yaya ya tari ɗaya daga cikinsu, ya ce, "Samari, ni mai wasa ne, daga Argungu. Ina masu wasa ke shiga?"

Yaron bai ko dube shi ba. "Baba, yau kowa mai wasa ne. A bi layi."

Munka bi layi.

Rana ta hau. Lasifika ta ce babban baƙo na kan hanya, kuma ba a buɗe ƙofa sai ya yanke ƙyalle. Ta sake faɗi. Ta sake. Ban san daga wace ƙasa wannan hanya ta taso ba. Ƙasa ta yi zafi, inuwa kuwa tana can tsallake, ƙarƙashin itacen dogon yaro, tana kallonmu.

Sai wani dattijo manomin shinkafa daga Zauro, wanda ke gabanmu, ya cire takalminsa ƙafa ɗaya ya ajiye inda yake tsaye, ya ce, "Jama'a, ku shaida, wanga ni ne." Ya ɗingisa ya tafi inuwa.

Mu mata mun tsufa da wannan dabara. A bakin famfo tulu ke bin layi, mai tulu na gida tana daka, kuma ba a taɓa jin wadda ta tsallake tulun wata ba. Amma maza sunka karɓe ta kamar ranar anka saukar da ita. Nan da nan kowa ya cire ƙafa ɗaya. Fade, silifa, takalmin taya, da wani sau-ciki mai ƙyalli na wani ɗan kasuwar kudu mai shagon kayan mashin, wanda Hausa ke zuba a bakinsa kamar a Ambursa anka yanke mashi cibi. Yana ajiyewa yana cewa, "Wanda ya taka mani shi, wallahi sai ya biya da mai da buroshi."

Yaya ya ajiye fadensa na dama, na jan fata, bayan na mutumin Zauro.

Ban taɓa ganin layi mai hankali irin wannan ba, kafin ranar ko bayanta. Takalma ba su ture juna ba, ba su zagi uwar kowa ba, ba wanda ya ce shi ɗan wane ne. Masu su kuwa suna ƙarƙashin itace, manya masu gemu, kowa ya ɗage ƙafa ɗaya kamar shamuwa a fadama, kowa na leƙen nasa daga nesa.

Daga inuwar ne munka ga abin da ake yi ta baya. Akwai wata 'yar ƙofa kusa da inda janareta ke kuka, tana buɗewa tana rufewa. Surukan 'yan kwamiti, maƙwabtan 'yan kwamiti, wanda ya taɓa ba ɗan kwamiti aron keke. Wani dogo mai farin gemu ya sunkuya ya shige, sai mutumin Zauro ya ce, "Ga na Augie can, ɗan ƙanwarsa na cikin masu ƙyalle."

Yaya ya ce a hankali, "Auta, yaya yake?"

Na ce, "Dogo ne, Yaya. Kamar tabarya."

Ya ce, "Dogaye ba su iya dara ba." Ya ɗaga kai ya dubi rana. Duk bayan ɗan lokaci sai ya dube ta.

Anka kira azahar. Maza sunka tashi, sunka ɗingisa zuwa wani fili can gefe inda anka shimfiɗa tabarmi. Mutumin Zauro ya kama hirar shinkafa da Yaya, Yaya ya bi muryarsa. Ba wanda ya ji tsoron barin takalminsa, tunda jama'a sun shaida. Wurin ya rage daga ni sai masu fura da masu ƙosai, da samarin da salla ba ta dame su ba.

A lokacin ne shugaban kwamiti ya fito, mai ƙyalle biyu. Ya tsaya ya riƙe ƙugu ya dubi takalma tun daga ƙofa har gareji.

"Wa ya buɗe mana kasuwar gwanjo a nan? Babban baƙo ya iso ya tarar da wanga? A share!"

Ni ba mai magana cikin maza ba ce, amma na matsa na rusuna. "Ranka ya daɗe, layi ne. Masu shi na salla."

"Inna, layi na mutane ne. Kin taɓa ganin takalmi ya yi dara?"

Masu ƙyalle ɗaya sunka yi dariya, don mai ƙyalle biyu ya yi magana. Anka kawo tsintsiyar kwakwa da manjagara. Abin da dattawa sunka tsara tun hantsi, anka tattare shi wuri ɗaya bakin kwata, fade kan silifa, silifa kan sau-ciki.

Ana sallame salla jiniya ta tashi. Babban baƙo ya iso, ya yanke ƙyallensa, anka buɗe ƙofa. Ƙofar mai ganye biyu ce, amma sakatar ɗayan ta cije, sai anka bar rabi. Samarin da ba su yi salla ba su ne a baki. Dattawa sunka taho da gudu, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu, sunka tarar ba layi ba alamarsa. Rabinsu sunka faɗa tulin takalma suna tono, rabi sunka faɗa ƙofa. Masu gadi sunka ɗaga dorina suna dukan na gaba wai su ja da baya, na gaba kuwa garin duka na bisa bayansu. Na ji muryar mai kayan mashin yana ihu, "Hakarkarina! Ku bar takalmin, na yafe, hakarkarina!"

Wani ya fizge mani mayafi cikin turmutsutsu, ya faɗi, ƙafafu sunka tafi da shi. Yaya ya rasa jan da yake bi. Na yi ta kutsawa ina kiransa, har na same shi manne da bango, hularsa ta tafi, ya rungume 'yar jakar tsakuwarsa a ƙirji. Na kama mashi hannu a gaban kowa, bai hana ni ba.

Sai lasifika ta ce, "Mai dara na Argungu, ya fito fili. Abokin karawarsa na jira."

Yaya ya buɗe murya, "Ga ni!"

"Mai dara na Argungu!"

"Ga ni nan! Ku ba ni hanya!"

Ni ma na taya shi, har maƙogwarona ya dushe. Muryarmu ba ta wuce kafaɗar na gabanmu ba. Lasifika ta ƙara kira, sannan ta shiga jawabin babban baƙo, wanda ya yaba wa kwamiti bisa kyakkyawan tsari.

Sai bayan la'asar munka shiga, lokacin da masu fita sunka fi masu shiga yawa. Janareta ta mutu, talabijin ya yi baƙi, yara na tsaye gabansa suna jiran ko ɗan mutumin zai dawo. Daɓen ɗakin siminti ne, ba wanda ya tuna cewa dara a ƙasa ake tona ta, sai anka zuba yashi cikin farantan tuwo, jama'a sunka tattake su. An riga an sanar cewa na Argungu bai zo ba, na Augie ya yi nasara. Har an ba shi agogon bango.

Shi ya neme mu. Ya taho da agogon a hammata kamar wanda anka ba ajiyar abin sata. Ya dubi Yaya, ba hula, ƙafa ɗaya ba takalmi, hannunsa cikin nawa.

"Na Argungu?"

"Na Augie. Barka da arziki."

"Kar ka zage ni. Ban ɗaga ko kara ɗaya ba. Zo mu fita waje, ni zan tona gurabe da hannuna."

Munka fita ƙarƙashin dogon yaro. Na Augie ya durƙusa ya tona, dattawa sunka fara kewayewa, kowa riƙe da takalmin da ba nasa ba. Yaya ya tsuguna. Ya daɗe yana kallon ƙasa. Rana ta riga ta faɗa bayan gareji. Ya miƙa hannu zai sa tsakuwa, ya ajiye ta tsakanin gurbi da gurbi.

Na Augie ya dubi tsakuwar, ya dubi idon Yaya, ya rage murya.

"Ka taɓa da hannu. Duk inda na sa kara zan gaya maka, Allah na gani."

Yaya ya ɗauke tsakuwarsa ya mayar jaka. "In na ci ka, a ce tausayi ka ji. In ka ci ni, a ce makaho ka samu. Riƙe agogonka, na Augie. Ba kai ka yi mani ba."

Ya miƙe. Na Augie ya raka mu har tasha. Kafin a yanke shinkafar wannan shekara idon Yaya ya rufe gaba ɗaya, kuma ba su sake haɗuwa ba.

Da munka sauka Argungu, abokan zamansa na jira a ƙofar gida, sun shimfiɗa tabarma, har sun sayi goro. Tun daga nesa ɗayansu ya ɗaga murya.

"Malam, yaya anka ƙare? Wa ya kayar da wani?"

Yaya ya ce, "Ku je Birnin Kebbi ku tambayi mai manjagara." Ya lalubi bango ya shige gida.