Borin Jinin da Muka Ɗora wa Fara

Ko zan manta komai na shekarar da nake ajin ƙarshe na kwaleji a Gure, ranar da aka yi mini allurar fanisilin ba za ta bar kaina ba. An kwana biyu da yin abin, amma har yau in na ji warin alkol, ruwan da ake goge fata da shi kafin allura, sai ranar ta dawo mini.

Da ciwon maƙogwaro ya fara, ya tafi ya dawo, muna ta yi masa citta da zuma. Daga baya gwiwoyina suka kumbura, yau wannan gobe waccan, har zuwa lakwal, wato makaranta, ya gagare ni. Likita ya daɗe yana sauraron ƙirjina, sannan ya gaya wa babana cewa ƙwayar cutar maƙogwaron ce ta jawo, kuma in aka yi sakaci tana iya lalata zuciya. Ya rubuta allurar da ake yi sau ɗaya ta yi makonni tana aiki a jiki, ya ce duk wata zan riƙa zuwa, kuma a asibiti kaɗai za a yi ta.

Gwaggona, ƙanwar babana da ta raine ni, ita ta raka ni. Majo muka tarar, wato shugabar masu jinya, wata doguwar mata marar yawan dariya. Kafin ta taɓa komai ta tambaye ni ko wani magani ya taɓa ƙin jikina. Ta faɗa da Faransanci, ta maimaita da Hausa, ta juya ta tambayi Gwaggo da Barbarci. Duk muka ce a'a, kuma iya saninmu ke nan.

Ta haɗa garin maganin da ruwansa, ya yi fari da kauri kamar kindirmo. Ta ce wannan ba ta jijiya ba ce ko kusa, can cikin tsokar ɗuwawu ake yin ta. Ta yi zafi, ba zan ɓoye ba. Da aka gama na gyara zanena zan fita, sai ta nuna mini benci a bakin ƙofarta, ta ce rabin awa zan zauna inda idonta ke ganina.

Gwaggo ta ce, "Madam, tukunya fa na bari a wuta."

"To ta ƙone, Iya. Yarinyar nan ba ta tashi."

Muka zauna, Gwaggo na ta mita ƙasa-ƙasa, wai a unguwa mai allura ya tsira maka ka tashi ka kama gabanka. Da a ɗakinmu aka yi ta, ban san wa zai ba ku labarin nan ba.

Ba mu jima ba tafin hannuna ya fara ƙaiƙayi. Leɓena ya yi nauyi. Sai na ji kamar ana ɗaure mini wuya da igiya a hankali, ina jan numfashi yana fita da fito. Na so in yi magana, murya ta ƙi. Mayafin Gwaggo na ja. Ta dubi hannuwana da suka yi ruɗu-ruɗu, ta ce, "Af, borin jininta ne ya tashi. Ke, fara kika ci a ɓoye?"

Majo ta ji. Ban san mace mai shekarunta na iya gudu haka ba. Abin da na riƙe kaɗan ne: an kwantar da ni an ɗaga ƙafafuna, an caka mini wata allura a cinya, Gwaggo na salati a kaina, Majo na cewa in dube ta kar in rufe ido. Can na ji igiyar ta fara sassautawa. Iskar farko da ta wuce har cikin ƙirjina, ban taɓa shan abu mai daɗinta ba.

A can na kwana da ƙarin ruwa. Da safe likita ya zaunar da Gwaggo ya ce ta ba shi labarin farar nan. Ta ce ina ƙarama, wata shekara lokacin kaka sai na ci soyayyiyar fara, jikina ya feso, fuskata ta kumbura har ido ya rufe. Tun ranar aka hana ni fara, kowa a gidan ya san ba ta yi da jinina. Ya tambaya ko ina shan wani magani a lokacin.  Ta tuna, ta ce ina tari, an sayo mini kafso a kasuwa ana buɗewa ana dama mini a cokali. Da ta kwatanta shi, likita ya ce ga dukkan alamu danginsu ɗaya da fanisilin.

Gwaggo ta riƙe baki. "Ashe fara muka zalunta shekara da shekaru."

Na yi dariya har dariyar ta koma kuka.

Likita ya canza mini zuwa ƙwayoyi na wani dangin daban, ya ce duk inda za a ba ni magani in fara da faɗin abin da ya same ni. Ya kuma ce kar in tsoratar da mutane, allurar ta tsare zukatan yara da yawa, waɗanda take ƙi ba su da yawa, don su ne ake tambaya, don su ne ake zaman benci. Zuciyata ƙalau take, alhamdulillahi. Majo kuwa, ba na idar da salla ban sa ta a addu'a ba.

Abin da na koya shi ne, in ma'aikacin lafiya ya tambaye ka, kar ka tace masa labari da abin da aka yanke a gida. Ko kumburi ne, ko ƙaiƙayi, ko na ƙuruciya ne da ka ji a bakin manya, faɗi abin da jikinka ya yi da abin da ka sha a lokacin, ka bar su su nemo mai laifin. In kuma suka ce zauna, ka zauna.