Baƙin Ruwan Acil Masniah

Duk wanda ya saba bi ta magudanar ruwa ta bakwai da sassafe a ƙauyenmu na bakin kogin Barito ya san Acil Masniah. Za ka same ta tsugune a bakin gonarta, ta tsoma yatsa a ruwa, ta kai baki, ta ɗan yi jim kamar mai ɗanɗana miya. Ta fi shekara arba'in tana wannan, tun tana bin mahaifiyarta gona. Masu wucewa a kwale-kwale sukan tsokane ta, "Acil, gishiri ya ji?" Ita kuwa ko ɗago kai ba ta yi sai ta ce, "Ya dai fi miyar matarka."

Mijinta ya daɗe da rasuwa. Abin da ya rage mata shi ne gonar, da 'yarta Norlaila, da irin shinkafar siam da ta gada wurin mahaifiyarta, mai siririn tsaba, mai cinye kusan wata tara kafin ta nuna. Kowa a layin ya koma irin zamani mai saurin yi, ita kaɗai ta ƙi. Bara ɓeraye suka yi mata ɓarna, gwangwani ɗaya ta tsira da shi, bana kuwa ta zuba shi kaf a makwancin iri da ke kusurwar gonar. In ya mutu, irin ya ƙare ke nan.

Ƙasarmu ba ta son a taɓa ta da ƙarfi. Baƙar ƙasar da ke sama ba ta wuce taƙi ɗaya ba, a ƙarƙashinta kuwa akwai taɓo mai ruwan toka da ke kwance lafiya muddin ruwa na rufe da shi. Ranar da iska ta same shi sai ya yi tsami, ya narko da ƙarfe da sanholon da ke cikinsa, su bi ruwa su ƙone saiwar shuka. Shi ya sa Acil ba ta huɗa. Da tajak take aiki, doguwar addar nan mai lanƙwasa, ta shafce ciyawa daidai fatar ƙasa, ta dunƙule ta curi-curi ta bar ta cikin ruwa ta ruɓe, sannan ta watsa ta a gonar. Ruwan gonarta kullum baƙi ne kamar shayin da ya daɗe a buta.

Wata malamar gona ta taɓa yi musu bayani a taro, ta ce baƙin nan da ke fita daga ruɓaɓɓiyar ciyawa yana da wasu 'yan farata da ido ba ya gani, su ke damƙe narkakken ƙarfe su riƙe shi gam, saiwa ba ta samun ta sha. Acil ta ce, "Mahaifiyata cewa take ciyawa na ɗaure tsatsa. Ke farata kawai kika ƙara mata." Aka yi dariya, har da malamar.

Surukinta Poniran, mijin Norlaila, mutumin kirki ne, wannan ba a ja. Iyayensa daga tsibirin Jawa suka zo, inda ƙasa ke son a huɗe ta da zurfi a share ta tas, kuma da wannan idon yake kallon kowace gona. Curin ciyawar Acil a wurinsa ƙazanta ce, ciwon bayanta kuma yana damunsa. Da ta tafi birnin Banjarmasin jinyar ƙanwarta a ƙarshen rani, lokacin da ruwan gona ya ja baya, sai ya ga dama ta samu ya hutar da tsohuwa. Ya aro injin huɗa, ya birkice gonar ciki da bai, ya kwashe curin ya tara a kan gaɓa, har ya cinna wa rabi wuta. Taɓon ya yi sati uku yana shan rana kafin ruwan farko ya sauka.

Ran da Acil ta dawo, Poniran da kansa ya raka ta gona, yana ta murmushi.

"Mama, dubi ruwan. Garau, har ƙasa ake gani."

Ta duba. Garau ɗin ne kuwa, da wani jan kumfa a gefe-gefe, ga ƙananan kifaye sun juya ciki sama a bakin kwata. Ta tsuguna ta tsoma yatsa. Ɓauri ya kama mata harshe kamar ta lashi alif. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta ji ba tun ranar da aka shigo da mijinta a kwance.

"Wa ya aike ka?"

"Na ga bayanki ne, Mama..."

"Bayana ya kawo maka ƙara?"

Ya fara kame-kame. Ita ma ba ta jira ba, ta nufi kusurwar iri da sauri. Ɗan shingen ƙasa ne kawai tsakanin irin da ruwan gonar, kuma ruwan ya fara tsatsafowa. Layin farko duk bakin ganyen ya yi ja. Ta tumɓuke ɗaya, saiwar ta yi kalar tsatsa, ta taɓa ta sai ta gutsure.

Wata ya kwana goma sha biyu. Nan da kwana biyu, in wata ya cika, teku zai turo kogi, kogi ya turo magudana, ruwan ya ɗaga duk tsamin nan ya haye shingen. Acil ta san wannan, Norlaila da ta biyo su ma ta sani, sai ta fara kuka.

"Ki adana hawayenki, ba ya maganin tsami," in ji Acil. Ta juya ga Poniran. "Ciyawar da ba ka ƙone ba fa?"

Ya nuna gaɓa.

"To, da hannunka ka fitar, da hannunka za ka mayar."

Kwana biyu suka yi ba wanda ya ci abin kirki. In ruwa ya ja, su buɗe kwata su fitar da abin da zai fita na tsamin. Sauran lokacin Poniran na ɗauko curi a kwando, Acil na murmushe shi tsakanin layukan iri, Norlaila na toshe shingen da shi. Ruwan ya cinye wa Poniran fatar tsakanin yatsun ƙafa, yana ɗingishi yana aiki. Acil tana gani, ba ta tausaya masa ba, don fushi take yi da gaske. Da yammacin rana ta biyu curin ya ƙare, ko rabin makwancin bai rufe ba.

"Mu baza shi ko'ina, ko da shafi-shafi ne," in ji Norlaila.

"Mu rasa duka ke nan."

Acil ta ɗauki tajak ta ja layi a taɓo. Suka tattaro murmusasshen curin duka cikin layin, suka kewaye shi da sabon shinge. Abin da ke waje, kusan kashi biyu cikin uku na irin mahaifiyarta, ta juya masa baya ba ta sake kallo ba.

Ruwa ya zo da hantsi kamar yadda ta lissafa. Suna tsaye suna kallo ya haye tsohon shingen, ya mamaye layukan waje, ya zo ya tsaya saura yatsa biyu ya kai bakin sabon. A wani gefen ya sami kafa ya shiga. Poniran ya faɗa da gwiwa ya toshe wurin da ƙirjinsa da hannuwansa, a haka ya zauna har ruwan ya fara ja.

Cikin kwana huɗu na waje ya ƙone ƙurmus. Na ciki bai mutu ba, bai kuma nuna zai rayu ba. Acil ta daina magana a gida, Poniran kuwa ya daina zama inda take.

Rana ta shida Acil ta fito da sassafe, sai ta hango mutum tsugune a bakin shingen. Poniran ne, yatsansa a baki. Ya miƙe a kunyace.

"Me ka ji?"

"Ɓaurin ya ragu, Mama. Ina jin... kamar ya ragu."

Ruwan ciki ya yi baƙi. Ta tsoma hannu ta zaro tsiro ɗaya, ta wanke gindinsa a hankali. Tsohuwar saiwar tana nan ja, matacciya, amma a samanta wasu farare guda uku sun ɓullo, ba su kai tsawon ƙwayar shinkafa ba. Ta daɗe tana kallonsu. Sannan ta mayar da tsiron gurbinsa, ta danna ƙasa da babban yatsa.

Ta ɗauko tajak ta miƙa masa, ta nuna ciyawar da ke hayin magudana.

"Sama-sama za ka shafta. In na ga taɓo mai ruwan toka a bakin addar nan, ni da kai ne."

Ya karɓa da hannu biyu.