Layi Biyu da Jan Biro

Da watan nan ya kama, shekara tara ke nan da Allah Ya karɓi ran 'yata ta fari. Tana aji biyu a ƙaramar sakandare a nan Dutse ta rasu, bayan zazzaɓi na kwana huɗu. Da girmana na koyi boko, a ajin yaƙi da jahilci, don haka a yi haƙuri da rubutuna.

A lokacinta, ranar hutu ake ba yara takardar sakamako, kati mai kauri da malamai ke cikewa da hannu. Ni ban san komai a ciki ba sai launin biro. Matan unguwa sun koya mini cewa shuɗi an ci, ja an faɗi. Zango biyu a jere takardarta ta zo da ja a lissafi da Turanci. Sai na yi mata alkawari, in ta ukun ta zo babu ja, za ta je hutu Jahun wajen gwaggonta.

Ranar ta shigo da gudu, ko hijabi ba ta cire ba, ta miƙo mini ina tankaɗe. Wurin maki duk shuɗi ne, amma can ƙasa ga layi biyu cur da jan biro.

Na ce, "Da can wuri biyu ne, yau har layi-layi?"

"Umma, wannan ba faɗuwa ba ce. Malama ce ta..."

"Rufe mini baki. Don ban yi boko ba za ki mayar da ni makauniya?"

Mahaifinta yana ci-rani a Kudu. Akwai malamin makaranta gida uku tsakaninmu, amma ban so bare ya ga abin da na ɗauka abin kunya ne. Na tura takardar ƙasan adaka, na ce babu zuwa Jahun. Ba ta yi musu ba, ta ɗauki tsintsiya ta hau sharar tsakar gida. Kafin a koma makaranta aka kai ta makwancinta.

Sai bayan shekara uku, na fara haɗa baƙi, na ci karo da takardar ina neman wani zane. Na zauna bakin gado ina bi da yatsa. Ashe da Hausa malamar ajinsu ta rubuta, don ta san irin gidajenmu: "Ta yi ƙoƙari ƙwarai, ta ci kowane darasi. Don Allah a yaba mata a gida." Biron da take duba littattafai da shi ne kawai ya zo hannunta.

Yau autata ce a wannan makarantar. Kwamfuta ke buga sakamakonsu, baƙi ƙirin daga sama har ƙasa. Makin gwaji daban, na jarrabawa daban, har da gurbin tsafta da zuwa da wuri. Da yayarta tana raye, na san dariya za ta yi, ta ce, "To Umma, yanzu da wane launi za ki kama mu?" Amma ina jin za ta lura da abin da na lura: bayanin da aka buga wa autata, shi aka buga wa 'yar maƙwabciyata, babu bambancin ko kalma ɗaya. Ita kuwa waccan malama ta san 'yata, ta san kwanakin da ta yi tana fama da lissafi.

Ban ga laifin malama ba, Allah Ya saka mata da alheri. Da dai an taɓa tara mu iyaye mata an nuna mana yadda ake duba takardar nan, da wataƙila an je Jahun. Da ma na bari ta ƙarasa maganarta.

Abin da ta bar mini shi ne, duk ranar hutu mata na kawo mini takardun 'ya'yansu. Nakan zaunar da uwa da 'ya, in karanta har layin ƙarshe kafin kowa ya buɗe baki.

Saura saƙon malama, da har yau ban isar ba. 'Yar fari ce, shekararta goma sha uku ban taɓa kiran sunanta ba, saboda alkunya. Yau hannuna ya iya rubuta shi. Bilkisu, kin yi ƙoƙari, na yaba miki. Allah Ya haskaka kabarinki.