Dutsen da Na Taras a Jakar Mai Hoto

Ina yake zuwa da jakar nan kowace safiya? Bana shekara talatin da takwas da rasuwar maigidana, na tambayi duk wanda ya san shi a Boɗinga, har yau ban samu amsar da ta zauna mini ba. Ban yi boko ba, 'yar ƙanwata malamar makaranta ke rubuta mini, tana tsayawa in kuka ya ci ƙarfina. Sunansa ban taɓa kira ba yana raye, ba zan fara a jarida ba. Mai Hoto ake ce masa.

Lokacin da aka koma mulkin farar hula aiki ya buɗe masa. 'Yan takara na son hoto, maniyyata na son hoto, ga biki ga suna. Yana hawa babur har Dingyadi da Kajiji, kyamara naɗe a tsumma cikin buhu. Da gilashinta ya tsage a hanyar Shagari, sai ya ce dole a nemi jaka.

Sati biyu yana wahalar da kansa. Ya je Sakkwato ya ga ta kanti mai zif, ya dawo bai saya ba. Na ce masa zif ƙura ke cinye shi, a yi ta fata mai marufi, a faɗaɗa maratayi don kafaɗa. Ya dube ni ya ce, "Hansatu, ke da ba ki taɓa riƙa kyamara ba, ina kika san wanga?" Na ce na san goyo.

Baduku ya ce a bar masa kyamarar ya auna. Maigida ya ƙi, don ba ya kwana ba ta kusa da kansa. Sai ya shigo madafi, ya ɗauki ɗan dutsen niƙana, ya jinjina shi a hannu ɗaya, kyamara a ɗayan, ya ce nauyinsu guda. A jikin dutsena aka ɗinka jakar: jan fata, ɗaki uku, na kyamara, na fitila da batir, na fim. Ni na cusa audugar ciki da hannuna. Ranar da ya rataya ta ya kafa mini doka ɗaya, kada in buɗe. Ya ce fim ɗin da ba a wanke ba haske ke ƙona shi, fuskokin mutane su tafi.

Sai zamani ya juya. Sojoji suka dawo, kaya suka ɓace daga kanti, fim da takardar hoto suka yi wuya. Wanda ke neman gero ba ya neman hoto. Amma shi kullum bayan asuba zai yi wanka, ya goge jakar da man shanu, ya rataya ya fita. Babur ya tafi, ya koma tafiya da ƙafa. Da yamma ya shigo da ɗan hatsi, wani lokaci albasa. A cikin wannan shekara dutsena ya ɓata. Na zargi maƙwabciyata, muka yi wata uku ba ma gaisawa. Yana ji, ya ci gaba da goge jakarsa.

Zazzaɓin kwana huɗu ya ɗauke shi. Har na fita takaba ban taɓa jakar ba, ina tsoron ƙona hotunan jama'a. Da ƙanensa ya matsa a buɗe ta, na rufe ƙofa da rana tsaka, na lulluɓa da bargo, na sa hannu ina lalube. Ba kyamara, ba fim. Dutsena ne, naɗe cikin tsohon ɗankwalina.

Wani mutumin Horo Birni ya ce ya gan shi yana cirar albasa a gonar wani, jakar rataye a reshe. Wani ya ce a tashar Kajiji yake wuni, tana kan cinyarsa. Wani dattijo kuma ya rantse wata biyu kafin rasuwar maigidana ya tsayar da shi ya ɗauke shi hoto. Da me? Sayar da kyamarar ya yi, ko sace ta aka yi? Gari yake ɓoye wa, ko ni? Wannan na ƙarshen shi ke hana ni sukuni. Da ya faɗa mini, da na ce ya bar dutsen, audugar ma ta isa ta cika jaka, kafaɗarsa ta huta.

Yau kowa da kyamara a aljihu, jikoki na ɗaukata ina tauna goro. Ban san ko dariya zai yi ko baƙin ciki ba. Shi da ya ɗauki rabin garin nan, ba mu da hotonsa ko ɗaya. Jakar ce ta rage, da maratayin da ya lanƙwashe daidai kafaɗarsa. Na mayar da dutsen ciki, don in babu shi ba ta tsayuwa.

Allah ya jiƙansa, ya yafe mini abin da na yi wa maƙwabciyata. Ranar da zai rasu, da hantsi, na ɗaga jakar zan share ƙarƙashinta. Ya buɗe ido da ƙyar ya ce:

"Aje ta, Hansatu. Kada ki buɗe. Akwai mutane a ciki."