“Waw” ɗin Malam Sha'ibu

Shekara talatin Malam Sha'ibu yana sayar da atamfa a kasuwar Adjamé, kuma Turancin Ingilishin da ya mallaka duka duka kalma ɗaya ce: “waw”. Shi cewa yake yi a bakin matuƙan jirgin ruwa ya tsince ta, lokacin yana dako a unguwar Treichville, wai ita Turawa ke furtawa idan abu ya fi ƙarfin yabo. Matarsa Tsahara kuwa ta rantse ranar da dilar kaya ta faɗo masa a ƙafa ta fara jin ta.

Ko ma daga ina ta fito, kalmar ta yi daraja. Duk gidan da aka kai lefe a unguwar Bromakoté, sai an kira shi. Zai murza atamfa, ya shinshina, ya ɗan lasa gefenta da harshe. In ya ce “waw”, ta gaske ce. In ya ce “Allah ya sa albarka”, to jabu ce, dangin ango sai su fara neman takalmansu. Mutumin nan ya ji daɗin wannan mulki, har wani rangwaɗa yake yi in zai shiga gida.

Sai ga lefen 'yarsa Laila. Saurayinta Nazir ne ya kawo, mai duba tikiti a tashar jirgin ruwa ta Treichville, wanda a nan aka haife shi, bai san atamfa daga labule ba. Laila kuma tana sonsa kamar ranta.

Tsakar gida ta cika da mata. Sha'ibu na murza turmin farko ya gane an cuci Nazir. Ya lasa, ya ƙara lasa, ko ɗanɗanon zai canza ra'ayi. Laila ta raɓo kusa da shi.

“Papa, pardon,” ta roƙe shi a hankali da Faransanci. “Iyakar ƙarfinsa ke nan.”

Tausayi ya kama shi, tsoro ma ya kama shi, don ya san wanki ɗaya zai tona asiri. Ya ɗaga kai ya dubi matan.

“Waw,” in ji shi.

Aka rangaɗa guɗa. Tsahara kaɗai ta harare shi, don ita ma ta taɓa kayan.

Bayan biki da mako biyu atamfar ta zuba a ruwa, shuɗi ya koma kalar toka, aka shanya ta kowa ya gani. Daga nan kiran lefe ya ɗauke. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, bai kuma ɓoye ba.

Wata Juma'a Laila ta zo gaishe shi sanye da koɗaɗɗiyar atamfar, ta yi ƙiba, tana ta dariya. Tsahara ta taɓe baki.

“Malam, ga aikinka nan yana yawo a gari.”

Ya dubi 'yarsa.

“Bar ta ta yi yawo,” ya ce. “Ko gobe aka sake kawowa, haka zan ce.”